Gero, Doki da Bawan Sarki: Yadda Aka Riƙe Mayaƙa a kan Hanyar Takieta (1850–1946)

1. Gabatarwa

Idan aka tambayi mutumin Damagaram abin da ya sani game da ƙarfin yaƙin sarakunan da, abu biyu zai fara ambata: garun Birni da igwogin Sarki Tanimun. Littattafan makaranta ma haka suke yi. Adadin da aka fi maimaitawa shi ne bindigogi 6000 da igwa 40 a hannun Tanimun. Wasu marubutan kuma sukan kawo mahaya 5000 da dakaru 30000. Ko da mun karɓi waɗannan alƙaluma yadda suke, akwai tambayoyin da ba su amsa ba. Wa ke ciyar da waɗannan mutane? Ina dawakinsu ke shan ruwa? Da me ake biyan su, kuma me ke hana su watsewa idan tafiya ta yi nisa?

A cikin wannan maƙala za mu yi ƙoƙarin duba rundunar Damagaram ta baya, wato ta wajen masu dakan gero, da masu jan guga, da maƙera, da ƴan dako. Daga nan sai mu kwatanta ta da rundunar Faransa wadda ta karya ta a 1899. Mun zaɓi yankin Takieta ya zama ma'auninmu, domin a nan ne rundunonin biyu suka haɗu, kuma ƙauyukan nan ne suka ɗauki nauyin kowacce daga cikinsu. A fannin tarihi mun dogara ga aikin André Salifou na 1971 a kan Damagaram, da na Roberta Dunbar, da littafin Joseph Smaldone na 1977 a kan yaƙi a Daular Sakkwato. Abin da mai nazarin harshe zai iya ƙarawa shi ne shaidar kalmomi, don kalmar aro takan nuna ƙofar da abu ya shigo ta cikinta.

Ra'ayin da muke so mu kare shi ne: Faransawa sun sake yadda ake ɗaukar mayaƙi da yadda ake biyan shi, amma tsawon kusan shekara hamsin ba su sake wanda ke ɗauke da nauyin runduna ba.

2. Wuri da lokaci

Takieta tana wajen kilomita 50 yamma da birnin Zinder, wanda Hausawa suka fi kira Damagaram, a kan babbar hanyar Tasawa da Maraɗi da Yamai. Daga nan ne kuma hanyar Matameye ke yin kudu zuwa Daura da Kano. Tun 2011 take gunduma mai zaman kanta, kuma Tirmini, wadda ke tsakaninta da Zinder, tana cikin wannan gunduma. Ga ayarin da ke tafe da jakuna da takarkarai, kilomita 50 tafiyar kwana biyu ce. Wato ke nan duk rundunar da ta fito daga Birni ta nufi yamma ko kudu maso yamma, a wannan yanki take yin zangonta na farko ko na biyu. Duk wadda ta taso daga yamma kuwa, nan ne mashayarta ta ƙarshe kafin ta ga garu.

Gidan sarautar Damagaram ya samo asali ne a ƙarni na 18 daga wani malami Babarbare, kuma ya daɗe yana kai gaisuwa Barno. A farkon ƙarni na 19 Sarki Suleman ya mai da fadarsa Zinder. Ɗansa Tanimun, wanda ya yi doguwar sarautarsa daga farkon shekarun 1850 zuwa 1884, shi ya gina garun Birni, ya kuma faɗaɗa ƙasar ta wajen Mirriya da Muniyo da Kance, har ya kai hari Gumel. Bayansa aka yi Suleman ɗan Aisa, sannan Amadu Kuran Daga daga 1893 zuwa 1899. Shekarar da Kuran Daga ya hau gado ita ce shekarar da Rabe ya ci Barno, ya rushe Kukawa. Daga nan Damagaram ta zauna ba ubangida a gabas, sai dai da sabon abin tsoro.

3. Wa ke yaƙi, wa ke riƙe da shi

Rundunar Damagaram, kamar ta sauran ƙasashen Hausa da Barno a wannan ƙarni, kashi biyu ce. Kashi na farko shi ne na gayya. Idan sarki ya yi niyyar fita, sai a buga tambari, jakadu su bazu, kowane mai sarauta da kowane sarkin da ke ƙarƙashin Damagaram ya zo da mutanensa. Doki da lifidi da takobi na barde daga ubangidansa suke fitowa. Manomi kuwa da bakansa da kwarinsa da guzurinsa yake zuwa. Babu rajista, babu lamba. Sarki bai san sunan dakare ba, amma ya san hakimin da zai tuhuma idan mutane ba su cika ba. Abin da ke riƙe mayaƙi a sansani shi ne barantaka: yana bin mutumin da ya ba shi riga, ya yi mashi aure, ko ya tsaya mashi a gaban alƙali.

Wannan tsari yana da arha ga fada, domin ba ita ke ciyar da doki a lokacin zaman lafiya ba. Aibinsa shi ne, mai sarautar da ke da mahaya ɗari na ƙashin kansa yana iya juya su ga sarki. Tanimun ya san haka fiye da kowa, tunda shi da ɗan'uwansa Ibrahim sun shafe shekaru suna ƙwace gadon sarauta daga hannun juna.

Saboda haka ne kashi na biyu ya ƙarfafa a zamaninsa, wato bayin sarki. Dunbar ta nuna yadda manyan muƙaman fada da na yaƙi suka riƙa komawa hannun bayi da babanni a rabin ƙarni na biyu. Bawan sarki ba shi da dangin da zai jingina da su, ba ya kuma iya neman gadon sarauta. Cinsa da suturarsa da matarsa duk daga fada suke. Ga irin waɗannan mutane ake damƙa bindiga. Ba a Damagaram kaɗai aka yi wannan dabara ba. A Kano ma ƴan bindiga bayin sarki ne, a ƙarƙashin manyan bayi irin su Shamaki da Ɗan Rimi da Sallama. A Barno ta Shehunai kuma kacalloli, waɗanda asalinsu bayi ne, su ke jagorancin rundunonin dindindin.

A nan kalmomi suna da abin faɗa. Tun 1960 Joseph Greenberg ya nuna cewa sunayen sarauta da yawa sun shigo Hausa ne daga harshen Barebari. A Damagaram, inda gidan sarauta kansa na Barebari ne, abin ya fi fitowa fili: kaigama, kacalla, ciroma, galadima, yarima, shatima. Kayan doki da na wuta kuwa asalinsu Larabci ne: sirdi, linzami, likkafa, lifidi, bindiga, albarushi, harsashi. Takobi da raƙumi sun biyo ta hannun Abzinawa da danginsu. Idan muka jera su haka, za mu ga cewa tsarin shugabanci daga gabas ya zo, makami da sufuri kuma daga arewa. Aikin da ya rage, na daka da ɗebo ruwa da yankan ciyawa da ɗaukar kaya, da kalmomin gida na yau da kullum ake faɗinsa, kuma kaɗan ne daga cikinsa ke da rawani. Wannan na cikin dalilan da suka sa tarihin baka, wanda maroƙa da fadawa suka fi riƙewa, yake tsallake masu yin shi.

4. Ci da sha da sufuri da makami

Fada ba ta da wata ma'aikata guda mai kula da abincin mayaƙa. Ciyarwa takan fito ta hanya huɗu. Ta farko guzuri: garin gero da gumba da kilishi, waɗanda matan gida suka shirya, mutum ya rataya ko ya aza wa jaki. Ta biyu rumbunan sarki da na masu sarauta, da ake cikawa da zakka da amfanin gandayen da bayi ke nomawa. Ta uku saukar baƙi: garin da runduna ta yada zango a cikinsa shi ke fid da damman gero da harawa da itace, matansa su yi daka har dare. Ta huɗu ita ce rumbun abokin gaba, da zarar an ƙetare iyaka.

Lissafi kaɗan zai nuna dalilin da ya sa hanya ta uku da ta huɗu suka fi nauyi. Mu ɗauka mutum mai aikin ƙarfi yana cin kusan kilo guda na hatsi a yini. Kayan ɗan dako, bisa ƙa'idar da Faransawa suka yi aiki da ita daga baya, kilo 25 ne. Ke nan ɗan dakon da ke ɗauke da hatsi, idan zai ciyar da kansa da mayaƙi guda, kafin mako biyu ya cika kayan sun ƙare, ba a ma yi zancen komowa ba. Jaki da takarkari da raƙumi sukan tsawaita wannan wa'adi, amma ba su kau da shi. Runduna mai yawa ba ta iya ɗaukar abincinta. Dole ta same shi a hanya.

Ruwa ya fi hatsi tsanani. Doki a lokacin zafi yana shan lita 20 zuwa 30 a yini. Idan mahaya 5000 ɗin nan da ake faɗa suka fita tare, dawakinsu kaɗai na bukatar lita 100000 ko fiye kowace rana, kuma da guga za a jawo ta idan tabkuna sun ƙafe. Wannan shi ke nuna cewa adadin da ake kawowa jimillar abin da ƙasa za ta iya tarawa ne, ba abin da ke tafiya a hanya guda ba. Shi ne kuma ke bayyana lokacin yaƙi. Ana fita bayan kaka, sa'ad da rumbuna suke cike, tabkuna ba su gama ƙafewa ba, manomi kuma ya sami hannunsa. Da damina ta faɗi, dakaru sukan koma gona ko an sallame su ko ba a sallame su ba.

Kowane barde yana tafe da mutane a bayansa: zagi mai riƙe doki da ɗaukar kayan sauyi, yaro mai yankan ciyawa, wani mai jan dabbar da ke ɗauke da lifidi, domin ba a sa wa doki lifidi sai an kusa karo. Ga maƙera masu gyaran mashi da linzami, ga dukawa masu ɗinkin sirdi da salka, ga wanzamai masu cire kibiya, ga malamai masu addu'a da rubutu, ga makaɗa. Idan aka ƙidaya su, waɗanda ba su harbi suna iya kai yawan masu harbi.

Batun makamin wuta shi ne inda Damagaram ta yi fice. A Zinder ake zuba igwa da tagulla, a nan kuma ake haɗa albarushi. Fernand Foureau, wanda ya sauka garin a ƙarshen 1899, ya ga waɗannan igwogi. Sai dai tagulla da farar wuta da bindigogin kansu ta hamada suke zuwa, daga Tarabulus ta Gat da Abzin, a kan raƙuman Kel Ewey, su sauka a Zango, unguwar fatake da ke wajen garu. Attajiran Zango, irin su Malam Yaro a ƙarshen ƙarni, su ne a zahiri ma'ajin runduna: su ke kawo kaya bashi, su jira sarki ya biya.

5. Ganima a matsayin albashi

Da me sarki ke biya? James Richardson, wanda ya zauna Zinder a farkon 1851 a zamanin Sarki Ibrahim, ya ba da labarin harin da aka kai wajen Kwargwam, kudu maso yamma da Takieta, ya kuma danganta shi da bashin da fatake ke bin sarki. Mutanen da aka kamo su ne kuɗin biya. Wannan misali ya nuna yadda zoben yake: bindiga da doki bashi ake karɓo su, bashi da bayi ake biyan shi, bayi kuma da bindiga da doki ake kamo su. Daga cikin kamammun ake fid da gaisuwar Barno, a zuba wasu gandu su noma geron da za a ci a fita ta gaba, a ɗauki samari a mai da su ƴan bindiga.

Mayaƙin gayya ma da ganima ake sallamar shi. Kalmomin ganima da humushi na fiƙihu ne, inda shugaba ke da kashi ɗaya cikin biyar. A aikace rabon fada yakan wuce haka, kuma ubangida ke raba wa baransa abin da ya ga dama. Illar wannan tsari a fili take. Shekarar da ba a fita ba, babu abin rabo, barori su fara neman wani ubangida. Rundunar da ake biya da ganima tana bukatar yaƙi kamar yadda take bukatar gero. Daɗin daɗawa, ƙauyukan gefe, waɗanda ba su da babban mai tsaya masu a fada, suna iya zama masu ciyar da runduna bana, baɗi su zama abin rabonta.

6. Tirmini, 1899

Rundunar da kaftin Voulet da kaftin Chanoine suka taso da ita daga bakin kogin Kwara a farkon 1899 ana kiran ta rundunar Faransa, amma Turawan cikinta ba su kai goma ba. Sojojin dindindin ƙalilan ne, wajen 50 na ƙasa da 20 na doki. Sauran ɗaruruwan masu bindiga ƴan haya ne da aka ɗauko a ƙasar Mosi da Bambara, ga ƴan dako wajen 800 da aka tilasta. Kuɗin da gwamnati ta ba su bai isa ciyar da wannan taro ba. Saboda haka suka koma ga hanya ta uku da ta huɗu da muka ambata, wato rumbun ƙauye da ganima, amma ba tare da wata alaƙa ta sarauta da za ta sa su tausaya wa ƙauyen ba. Ƴan haya da mata da dabbobin da aka kama ake biyan su. Taron ya yi ta kumbura, bukatar ruwa da hatsi tana ƙaruwa, kisa yana ƙaruwa tare da ita. Abin da ya faru a Lugu a watan Afirilu da Birnin Ƙwanni a watan Mayu sananne ne.

A ranar 14 ga Yuli 1899 Voulet ya sa aka harbe kanar Klobb, wanda aka aiko ya karɓe jagoranci, a Dankori kusa da Tasawa. Bayan kwana biyu zuwa uku sojojin suka juya wa shugabanninsu, suka kashe Chanoine da Voulet a wajen Maijirgi. Ya kamata a lura da wannan: sajan-sajan baƙar fata ne suka ja gaba, kuma ba su watse ba. Sun koma ƙarƙashin laftanan Pallier, wanda a ganinsu shi ke riƙe da halaccin da albashinsu da komawarsu gida suka rataya a kansa. A nan ne bambancin tsarin biyu ya fara bayyana: biyayyar baran Damagaram ga mutum take, ta sojan dindindin kuwa ga muƙami.

Pallier ya ci gaba gabas ta yankin Takieta. Zinder tana da bashin jini a wurin Faransawa, tunda a nan aka kashe kaftin Cazemajou ranar 5 ga Mayu 1898. A ƙarshen watan Yuli Kuran Daga ya tare su a Tirmini, aka karya shi, Faransawa suka shiga Birni. A watan Satumba aka kashe shi a Rumji. An saba bayyana wannan faɗuwa da bambancin makami, kuma gaskiya ne bindiga mai cin harsashi ta baya, a hannun sojan da aka koya wa harbi a jere, ta fi ƙarfin bindigar ɗuri da doki mai lifidi. Amma mu ƙara da kwanan wata. Ƙarshen Yuli tsakiyar damina ne: manoma suna gona, rumbuna sun yi ƙasa, ga shi kuma ba a daɗe da komowa daga yaƙe-yaƙen ƙasar Kano ba, inda aka yi karo da Sarki Alu a Gezawa da Tattarawa. An tilasta wa rundunar kaka ta yi yaƙi a lokacin da tsarinta ya fi rauni.

Masu nasarar ma ba su tsira daga matsalar mutane da ciyarwa ba. A watan Satumba Pallier ya juya yamma da wajen soja 300 waɗanda ba a amince da biyayyarsu ba. Joalland da Meynier suka nufi Cadi a farkon Oktoba, suka bar sajan Bouthel da wajen mutum 100. Tawagar Foureau da Lamy, wadda ta iso ranar 2 ga Nuwamba bayan ta rasa mafi yawan raƙumanta a Abzin, sai da ta fita har ƙasar Tasawa neman dawaki da dabbobin kaya kafin ta iya wucewa. Wannan fita ma ta hanyar yamma aka yi ta.

7. Takarda da lamba

A 1900 aka kafa yankin soja na uku da cibiyarsa a Zinder, barikinsa kuma shi ne wanda aka sa wa sunan Cazemajou. Matsalarsa ta farko ita ce hanya. Yarjejeniyar Faransa da Ingila ta 14 ga Yuni 1898 ta bar wa Ingila da'irar mil 100 kewaye da Sakkwato, wadda ta tura ayarin Faransawa cikin ƙasa mai ƙarancin rijiyoyi. Sai da aka sake shata iyaka a 1904 da 1906, tawagar Tilho ta bi ta a ƙasa, sannan aka sami hanyar da ke da ruwa daga Kwara zuwa Zinder. Za a iya cewa iyakar da ke tsakanin Nijar da Nijeriya a wannan sashe, bukatar shayar da ayarin soja na cikin abubuwan da suka zana ta. Tafintan wannan tawaga, Landeroin, shi ne ya tara tarihin sarakunan Damagaram da muke amfani da shi, ya kuma wallafa nahawu da ƙamus na Hausa tare da Tilho.

Ta wajen mutane, sojan Afirka na Faransa, wanda Faidherbe ya kafa a Senegal a 1857, ya daɗe yana cika sahunsa da bayin da ake fansa a sa masu kaki. Ta wannan fuska bai yi nisa da ƴan bindigar Tanimun ba. Sauyi ya zo ne da dokar 1912 ta ɗaukar soja dole, da gagarumin ɗiban 1918 a ƙarƙashin Blaise Diagne, da dokar 1919 wadda ta mai da abin na kowace shekara, wa'adi shekara uku. Kwamiti yakan zagaya da likita, a auna samari, a yi ƙuri'a. Wanda ya faɗa kashi na farko ya tafi bariki. Kashi na biyu, daga 1926, ana iya tura shi aikin ƙarfi. Yanzu soja yana da lamba, da littafi, da albashi, da awon abinci, da fansho. Amma sarakunan gargajiya ne ke kawo samarin, kuma Myron Echenberg ya nuna cewa a Afirka ta Yamma galibi ƴaƴan bayi da na marasa galihu ake turawa. A kudancin Damagaram da yawa sukan ƙetara Nijeriya idan lokacin ɗiba ya zo.

Fadar kanta an raba ta da runduna. A 1906 aka tuɓe Sarki Amadu ɗan Basa bisa zargin shirya tawaye, aka kai shi gudun hijira, aka damƙa riƙon ƙasa ga Ballama, baban fada. Sai 1923 aka mai da sarauta ga gidan. Bawan sarki, wanda aka ɗaukaka don ya kare sarki, shi Faransawa suka ga ya fi sauƙin riƙewa, bisa dalili guda da na Tanimun.

Ta wajen ciyarwa da sufuri kuwa, sunaye ne suka sake. Saukar baƙi ta koma umurnin kumandan a rubuce: gero kaza, ƴan dako kaza, raƙuma kaza, a kai zango kaza. Matan soja su ne masu dafa abinci a bariki da a hanya. Yunwar Kakalaba ta 1913–1914 ta sami ƙauyuka da wannan nauyi a kansu, kuma ƙwacen raƙuma na cikin abubuwan da suka hura tawayen Kawusan a Abzin. Rundunar da ta tashi daga Zinder ta kwance wa Agadas ƙawanya a watan Maris 1917 ta sami ƙarin soja da kaya ne ta jirgin ƙasan Ingilishi zuwa Kano, daga nan kuma sai kan mutum da bayan dabba. Aikin tilas bai haramta ba sai da dokar Houphouët-Boigny ta 11 ga Afirilu 1946.

Hausar Nijar ta adana wannan zamani a cikin kalmomin aro: kumandan, lajidan, gardi, lanho. Abin lura shi ne kumandan, wanda muƙamin soja ne a Faransanci, ya zama sunan mai mulkin gari gaba ɗaya, ko da farar hula ne. Talaka ya sa wa mulkin sunan abin da ya fi gani a cikinsa.

8. Kammalawa

Mun ga tsari uku na riƙe mayaƙi: barantaka, bauta, da takarda. Na ukun ya fi sauran ɗorewa, amma shi ma alƙawarinsa yana iya karyewa: dokar Faransa ta Disamba 1959 ta daskarar da fanshon tsofaffin sojojin Afirka, kuma sai bayan hukuncin Diop na 2001 aka fara gyara, aka kammala daidaitawa a 2011, lokacin da mafi yawansu sun riga mu gidan gaskiya. A ƙarƙashin tsarin uku kuwa, daga Tanimun har 1946, rumbu da rijiya da wuyan mutumin ƙauye ne ke ɗauke da runduna.

Barikin Cazemajou ya koma barikin Tanimun bayan samun mulkin kai. Sunayen sarakuna da na hafsoshi suna cikin littattafai. Abin da ya rage a tara shi ne na ɗaya ɓangaren: sunayen rijiyoyi da tsofaffin zangon ayari tsakanin Takieta da Tirmini da Garagumsa, kalmomin awo da na dako, waƙoƙin daka, da labarin da iyalai suka gada game da shekarun ɗiba. Wannan aiki ne da ɗaliban harshe da na tarihi za su iya yi tare, da na'urar ɗaukar magana da taswira, ƙauye bayan ƙauye, tun masu riƙe da labarin daga bakin kakanninsu suna nan.